Jagorar Sayen Kwal da Fitar da Shi ta Tashar Richards Bay, Daga Mahaƙa Zuwa Cikin Jirgi

Mafi yawan masu sha'awar cinikin kwal na Afirka ta Kudu da tambayar farashi suke farawa, alhali farashin shi ne abu mafi sauƙin sani a harkar, tunda ana wallafa shi a kai a kai kuma kowa na iya dubawa. Abin da ke da wuya shi ne hanya. Ƙasar tana haƙo kwal sama da tan miliyan 200 a shekara, akasarinsa daga lardin Mpumalanga, a kewayen eMalahleni da Middelburg da Ermelo, amma teku tana da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga can, kuma kusan duk abin da za a fitar sai ya bi layin dogo guda ɗaya zuwa tasha guda ɗaya, wato Richards Bay, a lardin KwaZulu-Natal. Saboda haka wanda yake da kwal a ƙasa amma ba shi da tarago kuma ba shi da gurbi a tashar, a gaskiya ba shi da abin sayarwa ga kasuwar waje. An tsara wannan jagora ne domin mai saye, ko wakilinsa, ya san abin da zai bincika a kowane mataki.

Mataki na farko: ka tantance irin kwal ɗin da kake bukata

Ba a sayen kwal da suna, da sakamakon gwaji ake sayensa. Ma'auni na farko shi ne ƙarfin zafin da kilo ɗaya zai bayar idan an ƙona shi, kuma ana lissafa shi da kilokalori. A Richards Bay an fi sanin aji uku, wato RB1 da RB2 da RB3. Ajin RB1 an gina shi a kan kilokalori 6,000 a kowane kilo, tokarsa ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba, farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 1 ba, danshinsa kuma bai haura kashi 12 ba. Ajin RB3 kuwa an gina shi a kan kilokalori 5,500, kuma tokarsa ta fi yawa nesa ba kusa ba. A shekarun baya-bayan nan kwal mai ƙarancin zafi ya ƙara yawa cikin abin da ake fitarwa, domin masu narka tama a Indiya da masu siminti a Pakistan sun fi duba araha da yadda kwal ɗin ke aiki a murhunsu fiye da samun aji na ɗaya.

A nan ne sabon shiga ya fi faɗawa rami, don haka ya dace a tsaya a kai. Kwal guda ɗaya yana iya samun lambobi uku mabambanta, gwargwadon yadda aka auna shi. Akwai awon da ake yi bayan an shanya samfurin a iska, akwai wanda ake yi da danshinsa yadda aka karɓe shi, sannan akwai wanda ake cire zafin da ke salwanta wajen mayar da ruwan cikinsa tururi. Wannan na ƙarshe, wanda 'yan kasuwa ke kira NAR, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, kuma a kansa ake yanka farashi a Richards Bay. Masu mahaƙa a cikin ƙasar kuma sun saba faɗin nasu da megajul, sau da yawa a kan samfurin da aka shanya, inda kilokalori 6,000 ke daidai da megajul 25.12. Idan dillali ya ce maka kwal ɗinsa 6,000 ne bai faɗi irin awon ba, bai gaya maka komai ba tukuna. Ka nemi takardar gwaji ta kwanan nan daga kamfanin bincike mai zaman kansa, irin su SGS ko Bureau Veritas ko Intertek, ka kuma miƙa ta ga injiniyan masana'antar da za ta ƙona kwal ɗin kafin ka taya.

Ka kuma tambayi ko an wanke kwal ɗin. Kwal ɗin Mpumalanga yana fitowa da dutse da laka da yawa, shi ya sa ake ratsa shi ta masana'antar wanki, inda ake jefa shi cikin ruwan da aka kaurara da garin baƙin ƙarfe, mai kyau ya taso sama, dutse ya nutse. Na saman shi ke tafiya teku, na tsakiya kuma galibi yana tafiya tashoshin lantarki na kamfanin Eskom.

Mataki na biyu: ka tabbatar mai sayarwa yana da gurbi a tashar

Tashar kwal ta Richards Bay, wadda ake taƙaita sunanta da RBCT, ba ta gwamnati ba ce. An buɗe ta a 1976 da ƙarfin fitar da tan miliyan 12 a shekara, aka yi ta faɗaɗa ta har ta kai tan miliyan 91 a 2010, kuma kamfanonin haƙar kwal ne suka mallake ta, cikinsu akwai Thungela da Exxaro da Glencore da Seriti da Sasol. Kowane mai hannun jari yana da kason da aka ware masa gwargwadon jarinsa, sannan akwai tan miliyan 4 a shekara da aka keɓe wa ƙananan masu haƙa a ƙarƙashin shirin da ake kira Quattro. Ita tashar ba ta sayar da kwal. Aikinta ta karɓa, ta tara, ta loda.

Ma'anar wannan ga mai saye a fili take. Duk wanda ya yi maka tayin kwal daga RBCT, ko dai yana da kaso a tashar, ko ya sayi kayan daga mai kaso, ko kuma iska yake sayarwa. Takardun tayi na bogi sun yi yawa a wannan kasuwa, suna yawo daga dillali zuwa dillali, kowa yana ƙara la'adarsa, har a rasa wanda ya taɓa ganin kwal ɗin da idonsa. Tambayoyin da ke warware lamarin ba su da yawa: daga wace mahaƙa kayan suka fito, da kason wa za a fitar da su, kuma wane jirgi mai sayarwar ya loda a baya-bayan nan? Mai gaskiya zai amsa ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya ce sai ka biya kuɗin rajista ko kuɗin buɗe fayil kafin ya nuna maka shaida, ka rabu da shi tun da wuri, haka ma wanda farashinsa ya yi ƙasa da na kasuwa ƙwarai ba tare da dalili ba.

Mataki na uku: ka fahimci layin dogo, domin a nan ciniki ke tashi ko ya faɗi

Layin kwal mallakar kamfanin gwamnati ne na Transnet, kuma tsawonsa daga yankin mahaƙu zuwa teku ya kai kimanin kilomita 580. Ana loda jirage masu tarago 100 a mahaƙu daban-daban, a kawo su Ermelo, a haɗa biyu su zama jirgi ɗaya mai tarago 200, wanda tsawonsa ya haura kilomita biyu. Babban tarago yana ɗaukar kimanin tan 84, wato cikakken jirgi ɗaya yana kai kusan tan 16,800. Abin sha'awa shi ne faɗin layin daidai yake da na tsohon layin da ya haɗa Legas da Kano, amma da aka ƙarfafa shi aka sa masa lantarki sai ya ɗauki wannan nauyi duka. Daga waɗannan alƙaluma kana iya yin lissafin da zai amfane ka: jirgin ruwa mai ɗaukar tan 150,000 yana bukatar jiragen ƙasa kusan tara, kuma idan biyu daga ciki ba su iso ba, jirginka zai tsaya yana jira, kuɗin jiran kuma wani ne zai biya.

Tarihin 'yan shekarun nan ya nuna yadda abin yake. A 2017 tashar ta fitar da tan miliyan 76.47, wanda shi ne mafi yawa a tarihinta. A 2022 adadin ya sauko zuwa miliyan 50.35, a 2023 ya ƙara faɗuwa zuwa miliyan 47.21, kafin ya ɗan farfaɗo zuwa miliyan 52.08 a 2024. Ba kwal ne ya ƙare ba, ba kuma masu saye ne suka gudu ba. A 2022 ma, bayan da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke kuma Tarayyar Turai ta hana shigar kwal ɗin Rasha daga watan Agusta, farashin tan ɗaya a Richards Bay ya haura dala 300, Turawa suna rububin saye. Layin dogo ne ya gaza. Ɓarayi sun yi ta sace wayoyin lantarkin da ke saman layin, kawunan jirage da yawa sun kwanta saboda rashin kayan gyara sakamakon taƙaddama tsakanin Transnet da kamfanin CRRC na ƙasar Sin kan ɓangarensa na kwangilar kawunan jirage 1,064 da aka bayar a 2014, ga yajin aikin ma'aikatan Transnet a watan Oktoban 2022, ga kuma kaucewar jirgi daga layi kusa da Ulundi a watan Nuwamban shekarar. Ƙari a kan haka, ramin Overvaal da jiragen ƙasa ke ratsawa a kudu da Ermelo layi ɗaya ne tak a cikinsa, don haka duk abin da ya faru a wurin yakan tsayar da harkar baki ɗaya.

Abin da za ka yi a aikace shi ne ka tambayi mai sayarwa nawa ne daga cikin kayanka suka riga suka sauka a filin tashar, nawa ne kuma har yanzu suke mahaƙa. Kwal ɗin da ke filin tashar ya fi wanda ake alkawarinsa daraja, ko da an ɗan ƙara masa kuɗi. Ka kuma tambayi lokacin da za a rufe layin domin gyaran shekara, wanda yakan ɗauki kimanin kwana goma, kada ka sa ranar lodinka daf da bayansa.

Akwai wasu hanyoyi, amma kowace da tsadarta. Lokacin da farashi ya yi sama, dubban manyan motoci sun riƙa jigilar kwal ta babbar hanyar N2 zuwa wasu sassan tashar ruwan Richards Bay da ba na RBCT ba, waɗanda Transnet ke gudanarwa, har cunkoso ya addabi garin, wasu kuma suka karkata zuwa Matola da Maputo a Mozambik. A ganina hanyar mota ta lokacin tsada ce kawai, domin da zarar farashi ya sauko kuɗin mota yakan cinye ribar, kuma RBCT kanta ta jirgin ƙasa take karɓar kaya.

Mataki na huɗu: rubuta kwangila

Galibin cinikin ana yin sa ne a kan sharaɗin FOB, wato mai sayarwa ya ɗauki nauyin kayan har su shiga cikin jirgi a Richards Bay, daga nan kuma haya da inshora da haɗarin teku su koma wuyan mai saye. Wanda bai saba da hayar jiragen ruwa ba ya fi masa sauƙi ya saya a kan sharaɗin CFR, inda mai sayarwa ke biyan haya har tashar sauka, sai dai ya sani cewa ko a nan haɗarin kayan yana komawa kansa ne tun daga lodi. Manyan 'yan kasuwa da dama suna amfani da daftarin kwangila na kamfanin globalCOAL mai suna SCoTA, kuma ko ba za ka yi aiki da shi ba, karanta shi zai nuna maka abubuwan da bai kamata a bari a baki ba.

Farashi ko dai a tsayar da shi, ko a jingina shi da ma'aunin API4, wanda ke nuna farashin kwal mai kilokalori 6,000 da aka loda a Richards Bay. Idan an jingina, a rubuta ƙarara matsakaicin wane wata za a ɗauka, da kuma rangwamen da za a cire idan kwal ɗin ƙaramin aji ne. Sannan a rubuta yadda za a daidaita farashi da sakamakon gwaji. Misali, idan an yi ciniki a kan dala 100 don kilokalori 6,000, gwaji kuma ya nuna 5,900, sai a ninka 100 da 5,900 a raba da 6,000, farashin ya dawo dala 98.33. Bambancin kamar ƙarami ne, amma a kan tan 150,000 ya kai kusan dala 250,000. Haka kuma a fayyace iyakar da idan kwal ya gaza kaiwa mai saye yana da ikon ƙin karɓa, da yawan ragi ko ƙarin da aka yarda da shi a kan adadin kayan, wanda yawanci kashi 10 cikin ɗari ne, da wanda ke da zaɓin hakan. Sashen da ke magana kan uzurin da ya fi ƙarfin mutum shi ya fi cancantar a yi gardama a kansa: shin gazawar layin dogo tana cikin uzurin da ke wanke mai sayarwa? Idan tana ciki, to kai ka ɗauki haɗarin Transnet ba tare da ka sani ba.

Mataki na biyar: banki

Ana biyan kuɗi ne ta takardar lamunin banki wadda ba a janyewa, a ƙarƙashin ƙa'idojin bankuna na ƙasa da ƙasa da ake kira UCP 600. Ka tuntuɓi bankinka tun kafin ka sa hannu a kwangila, domin bankuna da kamfanonin inshora da yawa, musamman na Turai, sun rage ko sun daina shiga harkar kwal saboda manufofinsu kan sauyin yanayi, kuma samun bankin da zai tabbatar da takardar yana iya ɗaukar makonni.

Mataki na shida: jirgi da ranakun lodi

Girman jirgin da za ka ɗauka ya danganta da tashar da za a sauke kayan, ba da Richards Bay ba, domin ita tana da zurfin da ke karɓar manyan jirage masu ɗaukar tan 150,000 zuwa sama. Matsakaita suna ɗaukar kimanin tan 70,000 zuwa 80,000, ƙanana masu ƙugiyar sauke kaya a jikinsu kuma kimanin tan 50,000 zuwa 60,000, kuma su ne suka dace da tashoshin da ba su da zurfi ko kayan sauka. Kwangila za ta ba ka tazarar kwanakin da dole jirginka ya iso a cikinsu. Ka miƙa sunan jirgin da bayanansa da wuri domin mai sayarwa da tashar su amince da shi, ka naɗa wakilin jiragen ruwa a garin, shi kuma kyaftin ya riƙa aiko da sanarwar ranar isowarsa yayin da yake matsowa. Idan jirgi ya makara ya wuce tazarar, mai sayarwa yana iya soke lodin ko a mayar da jirgin ƙarshen layi.

Da jirgi ya iso, kyaftin zai ba da sanarwar cewa a shirye yake, kuma daga nan ake fara ƙirga lokacin da aka ware wa lodi. Idan an wuce lokacin, ana biyan kuɗin jinkiri a kan kowace rana. Idan an gama da wuri, mai jirgi yana mayar da wani abu, yawanci rabin kuɗin jinkirin. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a bar sharuɗɗan kwangilar kwal su saɓa da na kwangilar hayar jirgi, ta yadda mai jirgi zai ƙirga maka kwanakin da mai sayarwa ba zai biya ba. Ka ajiye takardun biyu gefe da gefe, ka daidaita kuɗin jinkiri, da lokacin fara ƙirga, da hukuncin sa'o'in da iska ko igiyar ruwa ta hana aiki, domin hakan yana faruwa a wannan gaɓar teku.

Mataki na bakwai: ranar lodi

A cikin tashar, na'urori ne ke kama taragu bibbiyu su kifar da su, kwal ya zube kan bel mai tafiya zuwa filin ajiya wanda ke iya ɗaukar tan miliyan 8.2, inda ake tara kowane aji a tsibinsa. Idan lokacin jirginka ya zo, wata na'ura za ta kwaso daga tsibin zuwa injin lodi a bakin ruwa. Kafin a zuba ko ƙwaya ɗaya, mai bincike zai duba rumbunan jirgin ya tabbatar a share suke kuma a bushe, mai sayarwa kuma zai ba kyaftin takardar bayanin kayan kamar yadda dokar IMSBC ta ƙasa da ƙasa, wadda ta shafi jigilar kaya irin kwal a teku, ta tanada. Wannan ba cika takarda ba ne kawai. Kwal yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, yana kuma fitar da iskar gas mai fashewa, shi ya sa ba a loda wanda zafinsa ya haura digiri 55 a ma'aunin Salsiyas, kuma ma'aikatan jirgi ke auna iskar da ke cikin rumbuna a tsawon tafiya.

Abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin kuɗinka a wannan rana. Na farko shi ne samfur, wanda na'ura ke ɗiba daga kan bel a duk tsawon lodin, a haɗa a niƙa, a raba kashi-kashi, ɗaya ya tafi ɗakin gwaji, ɗaya a rufe shi da hatimi a ajiye domin raba gardama idan ta taso. Na biyu shi ne nauyi, wanda ake samu ta hanyar auna yadda jirgin ya nutse a ruwa kafin lodi da bayansa, tare da cire nauyin mai da ruwan da ke cikinsa da kuma la'akari da kaurin ruwan tashar. A babban jirgi, kuskuren santimita ɗaya wajen karanta alamar yana iya zama sama da tan 100. Saboda haka ka ɗauki naka mai binciken ya tsaya a wurin, ko da kwangila ta ce sakamakon kamfanin da aka amince da shi ne na ƙarshe. Kuɗin aikinsa bai kai komai ba idan aka kwatanta da abin da yake karewa.

Mataki na takwas: takardu da rufe lissafi

Bayan an gama lodi kuma kwastan sun sallami kayan, kyaftin ko wakilinsa zai sa hannu a takardar shaidar lodi, wadda ita ce ke ba mai riƙe da ita ikon karɓar kayan a tashar sauka. Mai sayarwa zai haɗa ta da takardar farashi, da shaidar nauyi, da shaidar gwaji, da shaidar ƙasar asali, ya miƙa wa banki, yawanci cikin kwana 21 daga ranar lodi idan ba a rubuta wani wa'adi ba, bankin kuma yana da ranakun aiki biyar ya duba. Banki takarda yake kallo, ba kwal ba, don haka saɓani a suna ko kwanan wata ko adadi ya isa ya tsayar da biya. Idan tafiyar gajera ce, jirgi yana iya riga takardun isa, kuma mai jirgi ba zai saki kaya ba sai da ainihin takardar shaidar lodi ko wasiƙar ɗaukar alhaki, wadda ya kamata a amince da kalmominta tun lokacin haya.

Idan sakamakon gwajin da ka yi a tashar sauka ya saɓa da na tashar lodi, ka duba wa'adin da kwangila ta ba ka na neman a buɗe samfurin da aka rufe, ka rubuta buƙatar kafin ya wuce. Haka nan lissafin kuɗin jinkiri: ka karɓi takardar da wakili ya rubuta sa'o'in duk abin da ya faru tun daga isowar jirgi har tashinsa, ka tabbatar kyaftin da wakilin tashar sun sa mata hannu, ka lissafa lokacin da kanka, sannan ka aika da'awarka tare da dukkan shaidu cikin kwanakin da aka ƙayyade, domin kwangiloli da yawa suna soke duk da'awar da ta zo bayan wa'adi.